Babu Sayis Ɗinki

Ranar da ta fara zuwa shagonsa, turo babur ɗin ta yi da hannu, tayar baya ta lafe a ƙasa kamar an yi mata rasuwa. Hular kwano a kai, takalmin roba har gwiwa, jakar magani ɗaure a bayan sit. Shi kuwa mai facin yana zaune kan tsohuwar taya, yana ba masu jiran aiki labarin da rabinsa ƙarya ne. Rediyo ake ce masa a layin, don ba a taɓa jin batirinsa ya yi sanyi ba.

"Sannu da ƙoƙari, yallaɓai," ya ce, ko ɗagowa bai yi sosai ba. "Kai ka hau shi, ko shi ya hau ka?"

Aka cire hula. Sai ga mace, gumi na bin goshinta, tana yi masa kallon da ya fi allura zafi.

Rediyo ya ɗauke ɗif.

"Ka gama?" ta ce.

"Na gama, ranki ya daɗe. An rufe tashar."

Likitar dabbobi ce. Wajen aikinta suka ba ta babur ɗin, ƙarami ne amma dogo, mai dogayen ƙafafu irin na shiga jeji, da shi take zagaya gonaki tana duba shanu da awaki. Rediyo ya durƙusa, ya goge gefen tayar da babban yatsa don ya nuna gwaninta.

"Kin ga wannan rubutun? 120/80-18. Bari in fassara miki."

"Ɗari da ashirin faɗinta ne, tamanin tudunta, sha takwas girman rim. Ta gaba 90/90-21 ce. Ni nake hawan sa, malam."

Masu jiran aiki suka tuntsire da dariya. Rediyo ya shafa ƙeya, amma bakin bai mutu ba.

"To saura lamba ɗaya da na duba jikin tayar kaf ban gani ba."

"Wacce?"

"Ta waya. Don in sanar da ke in na gama, ba don wani abu ba."

Ta ba shi, tana cije leɓe don kada dariya ta kufce. Da yamma saƙo ya shigo mata:

"Likita, mara lafiyarki ta farfaɗo. Ƙusa ce ta shige ta, na cire. Amma akwai wata da ta shige ni tun da safe, ita kam ke kaɗai ke da filayar cire ta."

Ta mayar masa: "Dabbobi nake dubawa."

"Ai shi ya sa na zo wurinki. Tambayi babata, tun ina yaro take ce min ɗan akuya."

Daga nan hanya ta buɗe. Kullum za ta fita sai ta biyo ya auna mata iska, ko da tayar lafiyarta ƙalau. Shi yana kiran ta Tayar Gaba, wai duk inda ta juya can zai bi. Ita tana kiran sa Sarkin Surutu, in ransa take son daɗaɗawa kuma ta cire surutun ta bar masa sarkin. Har ya koyi wanke hannu da sabulu kafin ya gaishe ta, abin da ya ba 'yan layin mamaki fiye da komai.

Matsalar tana gida. Babanta tsohon direban motar asibiti ne, ya yi ritaya. A zamanin aikinsa ya kwaso masu babur daga kan titi har ya daina ƙirgawa, kuma kusan duka lokacin ruwa. Duk ranar da hadari ya haɗu 'yarsa tana waje, ba ya iya zama, sai ya yi ta kai da kawowa a ƙofar gida da waya a hannu. Yana kuma da nasa gwanin: ɗan abokinsa mai sayar da kayan ƙawata motoci, wanda ake ce wa Mai Gilas don ko cikin ɗaki ba ya cire baƙin tabarau. Shi ya yi alkawarin in aka ba shi ita, babur ya tafi, ta zauna a gida ta huta.

"Ta huta da me?" in ji mamanta. "Gajiya ta ce maka ta yi?"

Wata safiya sai ga baban da kansa a shagon faci. Rediyo ya miƙe har yana tuntuɓe da bokitin ruwan gwada tub.

"Baba, barka da zuwa! Ga kujera. A'a, ba wannan ba, ƙafarta uku. Ga wannan."

"Kai ne mai son 'yata?"

"Ni ne, Baba. Babu mataimaki."

"An ce ba ka da aiki sai zuba. To yau zan ga ko akwai mutum a bayan bakin nan. Tayarta ta baya ta suɗe, ko ba haka ba?"

"Ta kusa. Na ma sa an kawo sabuwa daga nesa, irin sayis ɗin yana da wuyar samu a nan."

"In ta zo, ka ce babu. Babur ya zauna har ruwa ya ɗauke. In ka yi min haka, ka turo manyanka."

Rediyo ya san ba daidai ba ne. Amma ya tuna tabarau ɗin Mai Gilas, ya kalli tsohon da idonsa ya yi ja don tsoro, sai ya ce wa kansa ai kare ta zai yi. Ya tura sabuwar tayar ƙarƙashin benci, ya jefa buhu a kai.

Da ta zo, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Babu sayis ɗinki, Likita. Sai an kawo. Ki ajiye shi tukuna, wannan tayar ba za ta riƙe titi a ruwa ba."

"Lafiyarka? Yau ko tsokana babu."

"Mura ce."

Ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta ce ya sha ruwa mai ɗumi. Wannan taɓawar ta fi mari ciwo.

Ta ajiye babur kamar yadda ya ce. Sai dai saniya ba ta san da wannan shiri ba. Wata rana da hantsi, sama ta yi baƙi ƙirin, saƙonta ya shigo tare da hoto:

"Sarkina, an kira ni gonar bayan tudu, saniya ta kasa haihuwa kuma ita kaɗai gare su. Mota ba ta shiga hanyar. Mai Gilas ya sa min wata taya, 150 ce, na san ta yi faɗi amma babu yadda zan yi. Ka yi min addu'a."

Rediyo ya buɗe hoton. Ƙatuwar taya ce ta yawon birni, sumul kamar kumatun jariri, an matse ta da ƙarfi a siririn rim. Tsakaninta da ƙarfen babur ko yatsa ba zai shiga ba. A kwalta za ta yi santsi, a laka kuma za ta cushe. Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya fizgo tayar daga ƙarƙashin benci, ya zuba liba da sifana da famfo a jaka, ya buga nasa tsohon babur, ya nufi gidansu.

Baban yana ƙofar gida da waya a hannu.

"Baba, dabararmu ta haifi ɗa. Ta tafi a kan tayar da ba tata ba. Zan bi ta."

"Tare za mu."

"Baba, babur ne fa."

"Na ga babur ne! Matsa."

Babu wurin ɗaure taya, don haka sai tsohon ya zura ta ta kai, ta zauna masa a ƙugu. Rediyo ya ba shi hularsa ɗaya tilo ta kwano, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Baba, ka zama tub."

"Ja mu tafi, ɗan banza."

Suna hawa babban titi ruwa ya kece. Tsohon ya ƙanƙame shi har haƙarƙari na ƙara.

"Ka yi sauri mana!"

"Ruwan farko ba a yi masa sauri, Baba. Shi ke taso da man da motoci suka zubar, titi ya koma sabulu. Ka ga farin fentin nan? Ba a taka shi. Murfin ƙarfen can ma haka."

Wata babbar mota ta wuce ta watsa musu ruwa. Rediyo bai damƙe birki ba, ya sassauta mai, ya taɓa na baya a hankali, ya bar rata mai yawa. A kwana bai kwantar da babur ba, ya shige ta a tsaye, a lallaɓe, kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Ashe kana da hankali," in ji tsohon a kunnensa. "Wa ya koya maka?"

"'Yarka. Da can ni gudu kawai na sani. Ita ta zaunar da ni ta ce in zan mutu in bari sai na aure ta."

Suka sauka daga kwalta, suka kama hanyar gonar.

Can gaba kaɗan suka same ta. Babur yana jingine da bishiya, laka ta cushe tsakanin ƙatuwar tayar da ƙarfe, ta ƙi juyawa. Ita kuma tana tsugune tana ƙwaƙulo lakar da itace, rigar ruwanta ta yage a gwiwar hannu, jini na ɗan tsattsafowa. Ta ɗago, ta ga babanta sanye da taya, ta ga lambar da ke jikin tayar. Ba ta yi dariya ba.

"Yaushe aka kawo ta?"

Rediyo yana kwance kusoshi, kansa a ƙasa. "Tun kafin ki tambaya."

"Ni na sa shi," in ji baban.

"Baba, kai tsoro ne ya sa ka, na sani. Shi me ya sa shi?"

"Ke," in ji Rediyo. "An ce in na yi za a ba ni ke."

"Sai ka saye ni da ƙarya."

Rediyo ya duƙufa kan aiki. Ruwa na zuba a ƙeyarsa, ya ɓalle tayar Mai Gilas, ya duba kibiyar da ke jikin sabuwar don kada ya sa ta a juye, ya ɗora, ya buga iska, sannan ya rage kaɗan saboda laka. Bai taɓa aiki da sauri haka ba, kuma bai taɓa yin aiki bakinsa a rufe ba. Ta hau, ta miƙe tsaye a kan matakai, haƙoran tayar suka kama ƙasa, ta ratsa lakar kamar ba ita ta tsayar da ita ba. Ko waiwaye babu.

Suka bi ta a baya suna zamewa. Da suka isa gonar, hannunta na cikin saniya har kafaɗa, matar gidan na kuka, yara sun yi cirko-cirko.

"Baba, riƙe igiyar nan. In na ce ja, ka ja. Kai kuma riƙe mata wutsiya, tunda ka iya riƙe abu ka ƙi saki."

Da maraƙin ya faɗo ya yi atishawa, matar gidan ta rungume likitar da jini da laka da komai. Tsohon ya tsaya da igiya a hannu yana kallon 'yarsa kamar yau ya fara ganin ta.

A hanyar komawa ya ce wa Rediyo, "Na yi zaton in babu taya za ta zauna."

"Ni na san ba za ta zauna ba, Baba. Shi ya sa laifina ya fi naka."

Kwanaki suka shuɗe ba ta biyo shagon ba. Ya tura barkwanci, shiru. Ya tura hoton ɗan akuya ya durƙusa, shiru. A ƙarshe ya goge duk wata dabara, ya rubuta:

"Na yi miki ƙarya, kin ji ciwo saboda ni. Ba zan ƙara yanke miki hukunci a bayan idonki ba, ko wa ya sa ni. Ki yafe min."

Sai da ya kusa haddace fuskar wayar sannan ta amsa:

"Wannan ne saƙonka na farko da babu wasa a ciki, kuma shi ya fi daɗi. Gobe ka auna min iska. Ka gaya wa manyanka Baba yana jira, ya ce su zo a ƙafa ko a mota, shi dai kada a ƙara nuna masa babur."

Rediyo ya yi ihun da ya sa mai walda na kusa ya saki ƙarfe.

Ranar auren, gida ya cika har waje. Masu gonaki sun zo, 'yan layin faci sun zo da wankakkun hannaye, Mai Gilas ma ya zo, ya ci abinci fiye da kowa. Da aka natsa, baban ya kira su biyun gabansa, ya kama hannun angon.

"Ban ba ka ita don ka ajiye ba. Ni na gwada, ban iya ba. In za ta fita ka duba mata ƙafafun abin hawanta, in hadari ya haɗu ka zo mu yi zaman jira tare, na gaji da yi ni kaɗai."

"Baba, ni da zaman jira? Sai dai ka toshe kunne."

"Na saba da jiniya, yaro."

Mamanta ta yi dariya har da hawaye. Tsohon ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya kai ki lafiya, Ya dawo masa da ke lafiya, rani da damina."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin, amma ta angon ce ta fi ta kowa ƙara.