Dandamalin da Ya Ƙi Karyewa

"Wane ne kuma Lasar?"

Pathrose Asan ya yi tambayar ne hannunsa na cikin kwanon rogo da miyar kifi, bai ko ɗago kai ba. Matarsa Eliswa ta dubi 'yarsu Veroni, Veroni ta dubi ƙasa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ɗinka duwatsu masu walƙiya a rigar sarki, don ni ce mai ɗinkin kayan wasansu, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Fort Kochi. Na kasa kunne, ba zan ɓoye muku ba.

"Kafinta ne, Appachan," in ji Veroni, haka muke ce wa uba. "Shi ke gyaran rufin tsohon gidan Turawan nan da ake mayarwa otal."

"Ɗan wane gida?"

"Daga Idukki yake, can kan duwatsu."

"Kan duwatsu! Mutumin da bai ga teku ba sai da ya yi gemu, shi kika kwaso mana?"

"Haba kai kuwa, ka bari yarinya ta gama magana," in ji Eliswa.

Asan muke ce wa malamin wasan tattaka, wasanmu na Kiristocin bakin teku, inda maza ke shiga kayan sarakunan dā, da kambi da takobi, suna waƙa suna dukan katako da ƙafa. Shekara talatin Pathrose ke fitowa a sarki. Wayyo wancan zamani! In ya taka dandamali, har masunta a cikin kwalekwale sai sun waiwayo.

Veroni kuwa ja-gorar baƙi ce. Kullum da laimarta a gaba, Turawa na biye da ita kamar 'yan agwagi, daga manyan tarun nan masu sanduna na bakin ruwa zuwa tsohon coci, zuwa maƙabartar Turawa, zuwa layin masu barkono da citta. Bakinta ba ya hutawa. Wata rana tana nuna musu sassaƙar wani tsohon baranda, sai wata murya daga kan rufi ta ce, "Sori, 'yar'uwa, wannan ba aikin Turawa ba ne, ni na sassaƙa shi makon jiya." Turawa suka fashe da dariya. Ta yi kwana uku tana jin haushinsa, a na huɗu ta kai masa shayi.

Asan ya wanke hannu, ya yi gyaran murya.

"Kafintana Kunjachan ya rasu da damina, ba ni da mai yi min dandamali, ga bikin coci ya ƙarato. Tunda kafinta ne, ya yi min. In na ga aikinsa, sai mu san abin faɗa."

Lasar ya karɓi aikin nan kamar an ba shi sarauta. Ya aika garinsu aka sauko masa da katako mai taurin tsiya, ya kewaye wurin a bakin rairayi da zanar ganyen kwakwa, ya ce ba mai leƙawa sai ya gama. Veroni ta ce, "Chetta," wato Yaya, "bari in gani mana." Ya ce, "A'a, so nake in ba Asan mamaki."

Mamaki kam ya ba shi.

Ranar biki da yamma, bayan an zaga da gunkin waliyyi an mayar coci, gari ya tattaru a rairayi, har da baƙin Veroni a kujerun gaba da kyamarorinsu. Ganga ta ɗauka, kuge ya amsa, aka yi yaƙi, aka yi waƙa. To mu a nan, ko yaron goye ya san cewa wasa bai yi kyau ba sai in dandamali ya karye a takun ƙarshe. Shi ne shaidar cewa 'yan wasa sun ba da duk ƙarfinsu. Kuma shekara talatin ba a taɓa tashi daga wasan Pathrose katako na tsaye ba.

Takun ƙarshe ya zo. Asan ya ɗaga ƙafa ya sauke, dim! Shiru. Ya sake. Mutum goma sha biyu suka taya shi, makaɗa suka ƙara wuta, gumi ya wanke masa kwalliyar fuska. Dandamali ko gezau. Sai wani ɗan iska daga baya ya ɗaga murya:

"Asane! A kawo maka gatari ne?"

Dariya ta ɓarke. Tsoho ya tattara abin da ya rage masa ya buga na ƙarshe, gwiwarsa ta ce ƙas, ya durƙushe da kambi a ka a gaban duk garin.

Muna bayan labule ana shafa masa mai, sai ga Lasar ya shigo da fara'a har kunne, bai ma lura da gwiwar ba.

"Asane, ka gani? Ko motsi bai yi ba! Wannan ko giwa ce ta hau..."

Asan ya dube shi ya ce a hankali, "Fita. Muddin ina numfashi, ba kai ba 'yata."

Washegari Veroni ta sami Lasar zaune a kan dandamalin nasa, idonsa ja wur. Ni na raka ta, don haka na ji komai.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

Ta fashe da kuka. "Laifina ne, Chetta! Kullum sai na yi wa Turawa bayanin nan, sau biyu a rana, har na gaji da faɗa. Kai ne kaɗai ban gaya wa ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wanda bai sani ba."

"To mu je ofishin rajista kawai, Veroni. Sa hannu biyu ne, shi ke nan. Mu hau mota mu tafi garinmu."

"In bar shi da gurguwar ƙafa da dariyar gari, in ƙara masa da gudun 'ya? A'a. Ina son ka, Allah ya sani, amma ba zan shiga coci ba sai hannuna na cikin na Appachan. In za ka iya jira, ka jira. In ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka ba."

Ya jira. Aikin otal ya ƙare, bai koma kan duwatsunsa ba. Kowace yamma sai ya zo rumfar da Asan ke koyar da almajiransa taku, ya share ƙasa, ya zauna a bakin ƙofa. Asan na kan kujera da sanda, bai taɓa ce masa ci kanka ba, bai kuma kore shi ba. Samarin rumfa suka sa masa suna Mai Giwa. In sun tsokane shi sai ya yi murmushi, idonsa na kan ƙafafunsu.

Shekara biyu aka yi haka. Veroni ta rame, laimar ma kamar ta fi ta nauyi. Masu neman aure suka zo, har da wani mai aiki a Dubai, ta ce a ba su haƙuri. Uban bai tilasta ta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ita ke dafa masa man gwiwa, ita ke shafa masa. Ni har haushin su biyun nake ji, taurin kai iri ɗaya.

A shekara ta uku Asan ya ce zai yi wasan ban kwana. Nan fa ake yin ta, kafintocin gari duk suka noƙe. In dandamali bai karye ba a ce su ne, in ya karye tsoho ya ƙarasa ƙafar a ce su ne. Saura kwana tara, Lasar ya tashi daga bakin ƙofa ya durƙusa.

"Asane, a ba ni aikin."

"Ba ni da wani," in ji tsoho, ya juya kai.

Ranar wasa rairayi ya cika har bakin ruwa. Muryar Asan na nan yadda take, amma ƙafar, kowa ya ga ba ta da sauran ƙarfi. Da takun ƙarshe ya zo na rufe idona, wallahi ban iya kallo ba. Sai na ji ƙarar, ƙararas! Na buɗe ido na ga sarki ya nutse har ƙugu cikin katako, takobi a sama. Gari ya ɗauki ihu. Maza na kuka, ni ma ina yi.

Da safe sai ga Asan ya dogara sanda ya tafi rairayi ganin ɓarnar da ya yi. Muka bi shi, ni da Eliswa da Veroni. Lasar na can yana cire ƙusoshi. Asan ya sunkuya ya ɗauki karyayyen katakon, ya juya cikinsa. Ga tsagar zarto nan har rabi, daidai inda ƙafar sarki ke sauka. A ƙarƙashi kuma buhunan zaren kwakwa ne jibge.

Fuskarsa ta canza. "Wancan karon ka kunyata ni, wannan karon ka yaudare ni! Tausayina kake ji? Ni Pathrose?"

Lasar ya sunkuyar da kai. Veroni ta toshe baki. Sai Eliswa, matar da ban taɓa jin ta musa wa mijinta a gaban mutane ba, ta matso.

"Ajiye katakon nan ka saurare ni. Kana tsammanin Kunjachan bai san zarto ba? Shekara talatin yana yi maka haka, ni na roƙe shi tun muna amare, don na ga yadda kake dawowa da ƙafa a kumbure. Shi ma bai taɓa tunanin sa maka buhu ko ɗaya ba. Yaron nan ba wanda ya gaya masa. Zama ya yi a bakin ƙofarka shekara biyu yana ƙirga takunka. Ni kuwa na yi shiru don kada in karya maka zuciya, ina kallon 'yata tana bushewa. Na gaji!"

Asan ya zauna a gefen dandamali. Can ya ce, "Ashe ƙafata ba ta taɓa karya komai ba."

"Da katako mutane suke zuwa gani, da gidan kafinta za su je," in ji Eliswa, tana share ido da bakin zanenta.

Asan ya sa hannu ya taɓa buhun.

"Da na faɗa jiya, ban ji zafi ba. Guda nawa ka sa?"

"Goma sha huɗu, Asane."

"Appachan za ka ce."

An ɗaura auren bayan Ista, a tsohon cocin, tsoho na ɗingishi da hannun 'yarsa cikin nasa. Yanzu duk sun rasu, shi da Eliswa. Wasan ma an gutsure shi zuwa awa ɗaya saboda baƙin jirgin ruwa, a kan siminti, wanda ba ya karyewa ba ya amsawa. Veroni ta yi furfura, jikarta ce ke riƙe da laima.

Ku 'yan yau da kuke gaggawa, ga abin da na gani da idona. Lasar ya fara ba surukinsa abin da shi ya iya, ya jawo masa kunya. Sai da ya zauna ya koyi abin da tsohon yake buƙata sannan aka buɗe masa ƙofa. Veroni kuwa da ta gudu, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri shekara biyu, ta shiga coci da su duka biyun.