Hannun Dama na Taƙiyya

"Ajiye kwandon nan, Taƙiyya."

Ta ajiye. Muƙbil ne ke gadin mashigar dutsen, bindiga a kafaɗa, wuƙar gado a ɗamara.

"Duk ƙauyen da kika yi wa amarya lalle, jiragen 'yan jamhuriya sai sun bi sawunki. Atika ce ta lura, ta faɗa wa baffa Hizam."

"Atika da aka ajiye maka? Ido gare ta."

"Ƙarya ta yi?"



Taƙiyya ɗiyar wanzami ce. A duwatsun Yaman ba a ɗaga wa irinsu hannu, ko ana yaƙi, abin kunya ne da ba ya wankuwa. Shi ya sa take ratsa mayaƙan sarki da na jamhuriya ba mai tambayarta. Kuma saboda asalin nan ɗan ƙabila ba ya aurensu.

"Kin ga kogon makamai?"

"Na gani."

"Kin san ni ke kwana a bakinsa?"

"Yau na sani..." ta ce. "'Yan jamhuriya sun ce in suka ci yaƙin, ɗiyar wanzami da ɗiyar shehu ɗaya ne. Don kai na fara kai musu labari, hasken idona."

"Don ni aka ƙone gidan Ali mai niƙa? Jikarsa kika yi wa lalle."

Ta dubi tafin hannunta, ta daɗe tana duba.

"Wuce," ya ce, ya kauce daga hanya. "Ba ni da ikon taɓa ki. Ko ina da shi ba zan iya ba."

Hanyar birni na gabanta. In ta sauka 'yan jamhuriya za su tambaye ta inda kogon yake, kuma sun iya tambaya. Ta ɗauki kwandon, ta juya ƙauye.

Har gaban Shehu Hizam ta je, ta faɗi abin da ta yi da bakinta.

"Jininki ba ya halatta gare mu," in ji tsohon. "Amma ba ke ba ƙofar kowa."

"Ban da tawa, baffa," Muƙbil ya ce.

"Da wuƙar kakanka a ƙugunka za ka auri mai lalle?"

Muƙbil ya kwance ɗamarar, ya ajiye a gaban tsohon. Atika ta ja mayafi ta fita.

Ran auren ba wadda ta zo. Taƙiyya ta zana wa hagunta lalle, ta zauna tana kallon damar, ba mai yi mata.

"Kawo, 'yar wanzami," in ji Muƙbil.

"Ka iya ne, surukin wanzami?"

Bai iya ba. Zanen ya fito a karkace, kamar sawun kaza a laka.

Ba ta goge ba. Shi ne lalle na ƙarshe da ya taɓa hannunta, don ba amaryar da ta sake kiranta.