Da Takalminsa Ya Shigo

"Idan bai sauka cikin cocin nan ba yau, Hilda, kada ki sake yi mini maganar aurensa," in ji Baba. Ko kallona bai yi ba.

A Lalibela muke, ƙasar Habasha, tare da ayarin cocinmu na Jimeta. Cocin da muka zo gani a cikin ƙasa yake, an sassaƙa shi daga dutse, rufinsa daidai da tafin ƙafarmu. Ina leƙa ramin na ja da baya.

Saurayina Abednego na tsaye can baya, hannu a aljihu. Tun ranar da 'yan Boko Haram suka rufe ƙofar cocin ƙauyensu ta wajen Michika, mahaifiyarsa da ƙanwarsa na ciki, ba su kuma fito da rai ba, bai sake taka cikin coci ba. Duk Lahadi yana zuwa, amma a bakin get yake tsayawa yana duba jakunkunan mutane. Shi kuwa Baba dattijon ikilisiya ne, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba zai iya tako har gaban fasto ba.

Na je na roƙe shi, har da hawayena. Ya daɗe yana kallon siririyar hanyar da ta gangara cikin dutsen.

"Masoyiyata... hanya ɗaya ce," ya ce a hankali. "Idan aka tare ta fa?"

Haushi ya kama ni, na juya na bi Baba. Ina son Abednego kamar raina, amma a lokacin, da zan samu dama, da na shaƙe shi.

A ƙasa muka cire takalma a bakin ƙofa. Ciki sanyi, duhu, ga ƙamshin turare mai nauyi. Mutane cikin fararen mayafai sun jingina da bango, ba mai motsi. Na ɗaga kai neman sama, dutse na gani. Sai na tsinci kaina ina lissafin ƙofofi, irin yadda Abednego yake yi ko a gidan abinci.

Kwatsam aka buga wata ƙatuwar ganga. Dum! Dutsen ya amsa, ƙarar ta shige ƙirjina. Wata mata cikin ayarinmu ta ƙwalla ihu ta faɗi. Mu da muka san ƙarar bam a Jimeta, ba wanda ya tsaya tambaya, kowa ya yi ƙofa.

Ana turereniyar fita, mutum ɗaya ne ke kutsowa ciki yana kiran sunana. Ya fizgo ni, ya haɗa ni da bango, ya rufe ni da jikinsa. Goshinsa na jini inda dutse ya buge shi.

"Ganga ce, Abed... ganga ce kawai," na ce, ina kuka.

Bai sake ni ba. Ya ɗago ido ya ga ginshiƙai, ya ga kyandir da gicciye, sai na ji numfashinsa ya tsaya.

Baba ya tako wurinmu ƙafa ba takalmi, ya tsaya yana dubansa. Sannan tsohon nan mai ciwon gwiwa ya durƙusa, ya kama igiyar takalmin Abednego ya fara kwancewa.

"Ɗaga ƙafarka, ɗana," ya ce. "A cikin coci kake."