Neman Aure a Ɗakin Shiru

Da kwalin ƙwan lantarki ya shigo ofishin ƙungiyar kare tsuntsayen daji, yana rungume da shi kamar jariri. Mai gyaran wuta ne, ya je aiki ya tsinci ɗan tsuntsu a gindin bishiya. Budurwar da ke karɓar baƙi ta leƙa kwalin, ta ɗago ta dube shi, shi kuwa daga wannan kallon ya manta abin da ya kawo shi.

Ita ba ta manta ba. Ta wanke shi tas, ta ce tsuntsun nan lafiyarsa ƙalau, koyon tashi yake, uwarsa na kan reshe tana nemansa, shi ya sato mata ɗa kuma yana jiran godiya. Ta tasa shi gaba har gindin bishiyar ya mayar. Tun ranar ta raɗa masa Malam Kwali, shi kuma ya ajiye lambarta da sunan Gimbiya.

Sai ga Malam Kwali kullum a ƙungiya, yana gyara fitilun ɗumama ƙwai kyauta. Kowa ya san abin da ke kawo shi, har mai gadi, amma bawan Allahn nan in ya tsaya gabanta sai bakinsa ya mutu. Ko a waya bai fi haka ba.

"Gimbiya, kin ci abinci?"

"Na ci. Iyakar maganar ke nan?"

"Eh. Sai fitilar ɗakin ƙwai, na canja ta."

Ta yi jifa da wayar kan katifa, takaici kamar ya kashe ta, don wallahi tana son sa.

A gida kuma Abba ya sa ta gaba. Dama haushin aikin yake ji, wai ta gama jami'a ta ƙare a kwasar kashin tsuntsu. Ranar da Malam Kwali ya zo gaishe shi kuwa, zama ya yi ya ƙura wa fankar falo ido, da ƙyar ya buɗe baki ya ce tana neman gyara. Abba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai iya faɗin abin da ya kawo shi ba, alhali ga likitan dabbobin ƙungiyar nan, yaro mai baki, yana ta zarya.

Don ta sauko da shi, ta lallaɓa Abba ya je ya ga aikin da idonsa. Ta kai shi ɗakin shiru, inda ake renon 'ya'yan gauraka da aka ceto ƙwansu daga fadamar da ake cikewa da ƙasa. Dokar ɗakin ita ce kada su ga fuskar mutum ko su ji muryarsa, don in suka saba, ranar da aka sake su da ƙafarsu za su je wurin maharbi. Mai shiga sai ya zura wata riga toka-toka mai rufe mutum daga kai har ƙafa, ya sa hannu cikin kan gauraka na katako, da shi zai riƙa miƙa musu abinci.

Ta zura wa Abba rigar, ta sa ya yi mata alkawarin ko tari ba zai yi ba, ta rataye jakarta a ƙofa ta tafi auno abinci.

A safiyar nan likita ya shaida wa Malam Kwali, yana murmushi, cewa manyansa na shirin zuwa wurin Abba. Hankali a tashe Malam Kwali ya iso, ya ga jakarta a ƙofa, ya zura riga ya faɗa ɗakin. Ga mutum a durƙushe, ba fuska, ba idon da zai tsare shi. Abin haushi, a nan ne bakinsa ya ga damar buɗewa.

Ya durƙusa ya fara raɗa. Ya ce tun ranar da ta yi masa faɗa bai ƙara barcin kirki ba. Ya ce ba shi da mota, ba shi da daɗin baki, amma ba zai taɓa cewa ta bar aikinta ba.

"Na san Abba kallon sakarai yake min," in ji shi. "Ban ga laifinsa ba, ni ma in 'yata ce haka zan yi. Ki aure ni, Gimbiya."

Abba ya yi alkawari, ba halin magana. Ya yi masa nuni da ƙofa, yaron bai gane ba, ya ci gaba da zuba. Da abin ya ishe shi, sai ya ɗaga kan gaurakan nan ya sare shi a goshi.

Tana wurin awo saƙo ya shigo mata: "Na fahimta. Allah ya haɗa ki da wanda ya fi ni. Fitilar ɗakin shiru ta kusa mutuwa, a canja."

"Ka fahimci me?" ta rubuta. Waya a kashe.

Sai a mota Abba ya ba ta labari, yana dariya har da hawaye. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Wata da watanni tana jiran kalma ɗaya, ya tashi ya juye wa mahaifinta, a ɗakin da aka hana magana, gaban tsuntsayen da take wahala a kansu. Ta ce Abba ya juya mota.

A shagonsa suka same shi, zaune cikin wayoyin wuta da ƙulu a goshi. Da ya ji wanda ya sare shi, saura kaɗan ya shige ƙarƙashin tebur. Ta fara da faɗan karya doka, sai da ta gaji don kanta, sannan muryarta ta yi sanyi.

"Abba ya ji, gauraki sun ji. Ni kaɗai ce ban ji ba, Malam Kwali."

Ya dubi Abba, ya dubi ƙasa. "Ina son ki," ya ce. Sauran maganar ta maƙale.

Ta ce ya isa haka, kafin ya koma zancen fitila.

Abba dai ya amince. Likita ya yi fushinsa ya huce, har da shi a masu rakiyar ango. Ranar ɗaurin aure, da za a tafi da ita, ta riƙe hannun Abba tana kuka, ta roƙe shi ya faɗa mata duk abin da aka ce a ɗakin nan, kalma bayan kalma, don har yau guntu-guntu take ji.

Abba ya share mata hawaye da gefen rigarsa.

"Ni aka faɗa wa, ba ke ba," ya ce. "Ki je, kina da sauran rayuwa ki tatso shi daga bakinsa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ki haƙuri."