Ruwan Takobin Gidan Jaye

A shekarar da Turawa ke ɗaure kayansu, aka wayi gari a Tibiri da gawar tsoho Jaye, mai tsaron takobin kakanni, takobin kwance bisa ƙirjinsa. Kafin hantsi gari ya yanke hukunci: matarsa, wata tsohuwa mai suna Baturiya, mayya ce, a kore ta.

Sufeto Hambali ya iso daga Maraɗi da jandarma biyu. Shi ba mai yawan magana ba ne, hannunsa ke yi masa tambaya. Ɗakin takobin sanyi ƙalau, ko ƙuda babu, har tsigar jikinsa ta tashi. Ya duba wuyan mamacin, ya ga shatar yatsu. Ya shafa rubutun da ke jikin ƙarfen, sai kaifin rubutun ya karce shi.

Ya dubi Baturiya. "Iya, me ake yi da wannan rubutu?"

"Wanke shi ake, ɗana, mai rantsuwa ya sha. Tun kaka da kakanni. Maƙaryaci ba ya kai damina."

Sufeto ya sake duban ƙarfen. Rubutun da aka daɗe ana cuɗawa ai sumul yake zama. Wannan sabuwar sassaƙa ce.

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Mu dai ba mu kusantarsa," in ji Sha'ibu, ɗan ƙanen Jaye, da sauri.

Sufeto ya sa aka wanke takobin cikin ƙwarya, ya ce kowa ya sha, ya rantse ba shi da hannu. Manyan maza suka riƙa kyarma. Baturiya ma, da ba ta da laifi, sai da hawaye ya zubo mata kafin ta kurɓa. Sha'ibu kuwa ya kafa kai ya shanye, har da goge baki.

Hambali ya dafa kafaɗarsa.

"Duk gidan nan kai kaɗai ba ka ji tsoro ba. Don ka san ƙarfen banza ne."

Nan take Sha'ibu ya amsa laifinsa. Ya ce wani Bature ya sayar wa takobin na gaskiya, ya sa maƙeri ya ƙera wannan. Baba Jaye na shafawa ya gane, shi ne ya shaƙe shi.

"Baturen bai tashi ba tukun," in ji Sufeto. "Gobe takobin zai dawo gida."

Sha'ibu ya miƙa hannuwansa ga ankwa da kansa.

"Ranka ya daɗe, don Allah ku kai ni nesa kafin takobin ya iso."