Takardu Biyu Masu Hatimin Asibiti

Ranar Litinin da hantsi magatakardan kotun yara ya buɗe fayil, ya lashi yatsa, ya juya, ya sake juyawa. Rahoton likita ya yi ɓatan dabo.

Wani tela ne kansa ya taɓu bayan rasuwar matarsa, aka kai 'yarsa mai shekara takwas gidan marayu. Goggonta ke neman riƙo. Kotun yara da ke ƙasan bene ta ce ba ta ba da 'yar mutum sai kotun sama ta aiko da shaidar cewa uban ba ya cikin hayyacinsa. Wata biyar ke nan fayil ɗaya na hawa da sauka kamar guga. Yau da za a gama, babu rahoto.

Aka kira Sajan, wata doguwar 'yar sanda da ko mijinta, an ce, bai san launin haƙoranta ba. Ta bi lambobin da ake sa wa shafuka da jan biro. Babu sha huɗu, babu ashirin da biyu.

"Mene ne a ashirin da biyu?"

Magatakarda ya leƙa rajista. "Takardar haihuwar yarinyar, daga asibiti. Wannan ba ta hana komai."

Sajan ta fara da baffan yarinyar, malamin makaranta, wanda kowa ya san shi ma ya so riƙon.

"Malam, ina kake ranar Alhamis da aka sauko da fayil?"

"Ina gadin jarrabawa. Yara sittin ne shaiduna. Ku dai ku ce kun yar."

Ta buga waya makarantar. Gaskiyarsa.

Sai masinja, mai kai fayil tsakanin sama da ƙasa. Ya rantse daga hannu sai hannu.

"Sama ta sallame ka sha ɗaya. Ƙasa ta karɓa sha biyu saura. Matakala ashirin ce. Rarrafe ka yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, cikina ne ya murɗa. Na ajiye a benci, na ce wa wata tsohuwa ta duba min."

"Kai dai an yi sakarai. Wace tsohuwa?"

"Uwar telan. Ai kullum tana nan."

Tana nan kuwa, a ƙarshen benci, ta rungume jaka. Sajan ta rusuna ta gaishe ta, ta miƙa mata wata takarda a juye.

"Iya, duba min, wannan ta ɗanki ce?"

Tsohuwa ta ƙura mata ido a yadda aka ba ta. "'Yar nan, ni ina na san boko?"

"Shi ya sa kika ɗauki biyu. Mai karatu ɗaya zai zare. Ke hatimin asibiti kika bi, kin rasa wacce ce, kika haɗa duka."

Tsohuwa ta ja tsaki, ta zuge jaka. Ga su nan a naɗe cikin ɗankwali.

"Ni na haife shi. Ina raye ba za a ajiye takarda a ce masa mahaukaci ba. In ya warke fa, wa zai kai masa ɗinki?"

"Iya, in ya warke kotun sama za ta soke. Amma muddin babu wannan, jikarki na gidan marayu."

"Wa ya taɓa faɗa min? Wata biyar ina zaune nan. In na hau a ce sauka, in na sauka a ce hau!"

Goggo, wadda tun safe ke zagin baffa a tsakar kotu, ta ji ashe uwarta ce, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sajan ta kai takardun da sauri. Magatakarda ya ɗaga su da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Abin da ya fita daga fayil sai alƙalin sama ya sake sa hannu."

"To a hau mana!"

"Ya tafi hutu. Sati uku."

Ma'aikaciyar gidan marayu ta kama hannun yarinyar. Ita kuwa tun gida ta ƙulla kayanta a leda, don an ce mata yau ce. Ta waiwayo.

"Kaka, in bar ledar a wurinki ko in koma da ita?"