Linzamin Mubashshir

"Ba zan miƙa shi ba, Dada."

Surukata ta tsaya cak da tabarma a hannu. Daga zaure ina jiyo wanzamin da ta sa aka ɗauko daga Kwaja yana wasa askarsa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba mai sa aska a bakin ɗana."

Mubashshir ya kusa shekara uku, amma bayan "mam" da "ta-ta" ba ya cewa komai. Sa'anninsa a Sahuda har aikensu ake yi. Dada ta yanke hukunci cewa linzami ne ya ɗaure masa harshe, sai an tsaga ƙasan harshen magana za ta fito. Haka aka yi wa ubansa, haka aka yi wa kakansa.

Ni kuwa koyar da ƙananan yara na karanta. An duba kunnensa a asibiti, an ɗaga harshen, ba a ga komai ba. In na ce ya ɗauko takalmi, ɗaukowa yake. In Dada ta faɗa da Fulatanci, ɗaukowa yake. Yana ji, tarawa yake yi.

Mijina Bobboi, wanda nake kira Hamma, ya ja ni ɗaki.

"Juwai, sanyin idona... yanzu za a gama. Ko jinin kirki ba ya yi."

"Da askar da ya yi wa rabin gari aski, Hamma?"

"Ni ba ga ni ba? Ina magana."

"Har ta yi yawa."

Ya kusa yin dariya, sai ya haɗiye ta.

"Ta tara mutane. So kike a ce matata ta kori wanzamin mahaifiyata?"

"Da kai fa muka je wajen likita! Ka san lafiyarsa ƙalau."

"Na sani."

"To, faɗa mata."

Ya sunkuyar da kai. Wannan mutumin da ya taɓa bin ruwan sama a kan babur don kawai ya kawo mini lema makaranta, ya kasa taka tsakar gidansu ya faɗi gaskiya.

"Ba zan iya ba... In kika fita da shi yau, Juwairiya, ban san yadda zan dawo da ke ba."

Na goya ɗana. Na gaida wanzami a zaure, na tari keke zuwa gidanmu a Sabon Layi.

Da farko kullum sai Bobboi ya kira.

"Ki zo ki ba Dada haƙuri, a yi abin, a wuce wurin."

"Haƙuri zan bayar. Yaro ne ba zan bayar ba."

Kiran ya riƙa ja da baya. Bayan damina kawunsa ya zo wa mahaifina da saƙon saki.

A unguwa aka ce boko ya sa na kashe aurena a kan bebe. Na ji da kunnena, kuma ba wanda ya ga hawayena. Kullum sai in zaunar da Mubashshir in yi ta nuna masa: ga ludayi, ga akuya, ga keke ya wuce. In wuni a aji ’ya’yan mutane na cika mini kunne, in dawo gida in tarar da shiru. Akwai ranar da na ɗaga harshen nan da yatsana, ina duba ko Dada ce ke da gaskiya.

Wata rana ina yanka kuɓewa ya ja mini zani.

"Mama... ruwa ƙare."

Kalma biyu, a haɗe! Wuƙar ta suɓuce. Ban san lokacin da na ɗauki waya na lalubo lambar Bobboi ba. Na daɗe ina kallonta, na ajiye.

Daga nan bakin ya buɗe. "Ni ci," ya koma "zan ci," ya koma tambayoyin da ba sa ƙarewa.

Ana gab da sallar bana muka haɗu da Bobboi a bakin shagon tela. Ya rame.

"Juwai..."

Ya durƙusa gaban yaron, ya yi masa magana da Fulatanci. Mubashshir ya ɓuya a bayana.

"Mama, wane ne wannan mutumin? Me yake cewa?"

Tar, ba ko gargada.

Bobboi ya ɗago, idanunsa sun cika.

"Yana magana..."

"Tun bara."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Dada ba ta bari a ambace ku, amma ni... ban daina son ki ba, wallahi."

"Na sani, Hamma. Yanzu za ka iya faɗa mata?"

Ya sake sunkuyar da kai. Na kama hannun ɗana muka wuce.

Da za a maimaita ranar nan, ba zan miƙa shi ba. Amma ba kyauta na samu ba. Na rasa mijin da har gobe nake so, ɗana ya manta yaren kakarsa, kuma bai san fuskar ubansa ba.